Fashin baƙi: Ina lambar shasin tsohuwar roka take, kuma me ya sa ba ta kai 17 ba?

Tun da hukumomi suka mayar da rajistar mota kan kwamfuta, akwai tambayar da ke yawo a garejojin Sakkwato, daga Buzaye har wajen da manyan motoci ke kwana a Kwannawa. Fom ya ce a rubuta lambar shasi mai gurbi 17, kai kuma ka ƙirga ta tsohuwar rokar gidanku, wato babbar motar dakon kaya, ka ga 14 ce, wani ma tasa 8. An yanke lambar ne? Ko motar sata aka sayar wa mahaifinka shekara 40 da suka wuce bai sani ba?

Maganar ta yi zafi a 2022, lokacin da Kwastan suka fara ƙiyasta kuɗin fiton motoci da lambar VIN, wato lambar shasi mai gurbi 17. Ta sake tashi a Yulin 2024 da 'yan sanda suka ce za su fara tilasta rajistar e-CMR, wato rajistarsu ta motoci a kwamfuta, kafin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da tilastawar. Tsarin Kwastan bai ma shafi motar da ta shigo tun zamanin Gowon ba, amma ya dasa wa mutane tunanin cewa duk lambar da ba ta kai 17 ba jabu ce. Sai ka ji yaron da ke cika wa mutane fom ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wagga lamba ba ta cika ba." Daga nan ake fara neman mai walda.

Gajeriyar lamba ba aibi ba ce ga motar da aka ƙera kafin 1981. Abin da ke jefa masu irin waɗannan motoci cikin rigima shi ne yunƙurin cike ta.

Lambobi nawa ne a jikin mota ɗaya?

Idan Bahaushe ya ce "lambar mota", yawanci wadda ke rataye gaba da baya yake nufi, mai taken jiha a kai. Wannan ta gwamnati ce, kamfanin da ya ƙera motar bai san da ita ba, kuma tana canzawa. Motar da aka yi wa rajista a garin nan a 1970, a Jihar Arewa maso Yamma aka yi mata. A 1976 ta zama 'yar Jihar Sakkwato. Idan mai ita ɗan Birnin Kabi ne, 1991 ta mayar da shi wata jiha, idan na Gusau ne 1996 ta yi masa haka. Ga kuma sabon tsarin lambobi na 1992 da wanda aka sake a 2011. Mota ɗaya tana iya sanya lamba huɗu a rayuwarta ba tare da ta taɓa canza hannu ba.

Ta biyu lambar inji ce, wadda aka buga a jikin tukunyar injin. Ita tana bin inji duk inda ya je. Ranar da aka sauke shi aka ɗora ɗan Beljiyam, ta tafi.

Ta uku ita ce lambar shasi, wadda kanikawa da yawa ke kira casis. Kamfani ne ya buga ta a jikin dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da inji da kai da bodi. Ita ce sunan yankan mota, don ba a sake ta. Sau da yawa ana maimaita ta a wani ɗan farantin ƙarfe da aka kama da ribiti a cikin kan motar ko a ɗakin inji, tare da sunan kamfani da nauyin da motar ke iya ɗauka.

Akwai kuma lambobin da ba na shaida ba ne sam, kuma su suka fi ruɗa mutane, domin sun fi saurin gani. Kowane ƙarfe da aka zuba a masana'anta yana fitowa da lambar kayan gyara, wadda dubban irinsa ke ɗauke da ita. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: a shafa da yatsa. Lambar da ta kumburo sama tare aka zubo ta da ƙarfen, ba ta nuna wannan mota ita kaɗai. Lambar shaida kuwa a lotse take, don buga ta aka yi bayan an gama. Idan kuma ka ga 1-5-3-6-2-4 a jikin inji mai silinda 6, kada ka kwafa: jerin yadda silindodin ke karɓar wuta ne, kuma haka yake a kusan duk injin da silindodinsa 6 suka jeru a layi ɗaya.

Daga ina 17 ɗin ta fito?

A farkon zamanin mota kowane kamfani da yadda yake ƙirga abinsa. Ford, alal misali, a zamanin Model T lambar inji ita ce lambar motar gaba ɗaya. A Amurka sai wajejen 1954 aka fara raba wa mota lambar shaida tata, kuma ko a lokacin ba a daidaita tsawonta ba. Daidaitawar ta zo ne a ƙarshen shekarun 1970 da ƙa'idar duniya mai suna ISO 3779, sannan Amurka ta wajabta gurbi 17 ga motocin 1981 zuwa sama. Sauran ƙasashe da kamfanoni suka bi, wasu da wuri, wasu da jan ƙafa.

A wannan tsari gurbi 3 na farko suna faɗin ƙasa da kamfani: W Jamus ce, J Japan, WDB Mercedes-Benz, SAL Land Rover, VF3 Peugeot. Ba a amfani da haruffan I da O da Q, don kada a rikita su da 1 da 0. Wannan ƙaramin sani yana da rana: duk takardar da ka ga an buga harafin O a cikin lamba mai 17, kuskuren mai bugawa ne, sifili ake nufi.

A motocin da aka yi don kasuwar Amurka gurbi na 10 shekara ce. B na nufin 1981, a bi haruffa har Y ta 2000, sannan 1 zuwa 9 su ɗauki 2001 zuwa 2009, a koma A a 2010. Dillalai sun haddace wannan har sun mayar da shi ma'aunin kowace mota, alhali motocin Mercedes da aka yi don Turai da Afirka ba sa ajiye shekara a wannan gurbin. Wanda ya ƙirga gurbi na 10 a jikin roka ya ce maka ga shekararta, zato ya sayar maka.

Yanzu a dubi motocin da suka yi mana dako. Bedford samfurin TJ an fara ta a 1958, kuma a 1959 aka fara harhaɗa Bedford a Apapa. Mercedes mai gajeren hanci, uwar 911, ta fito a 1959. Land Cruiser samfurin 40 ta fito a 1960. Duk sun girmi dokar 17 da shekara 20 ko fiye. Neman 17 a jikin waɗanda aka ƙera a wancan lokaci kamar neman lambar NIN ce a takardar harajin zamanin En'e.

Inda ake duba ta

Sakkwatawa suna da sa'a ɗaya da mutanen bakin teku ba su da ita: ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin shasi kamar yadda take yi a Legas ko Fatakwal. Galibi lambar tana nan lafiya lau. Abin da ya rufe ta baƙin mai ne da ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare, sai fenti hawa uku ko huɗu, don duk wanda ya sayi motar sai ya shafa nasa.

A manyan motocin Mercedes ana fara dubawa a ƙarfen shasi na dama, ta waje, kusa da tayar gaba. A karya sitiyari har ƙarshe don tayar ta ba da wuri. A Land Cruiser ma ƙarfen dama ne ta gaba. A Land Rover samfuri na 2 da na 3, a duba ƙahon shasi na dama inda sifirin gaba ya rataya, farantin kuma yana jikin bangon da ya raba direba da inji. Ga sauran motoci, a bi ƙarafan biyu daga hanci zuwa bayan kai, ta gefe da ta sama, kafin a yanke ƙauna. Wani lokaci kafintan da ya ɗora bodin katako ne ya danne ta da gungume.

Yadda ake tone ta ya fi inda take muhimmanci, kuma a nan ne ake yin ɓarna. Kananzir da tsumma da burushin waya sun isa. A jiƙa, a bari ya sha, a goge a hankali. In fenti ya yi kauri a sa samfefa mai laushi, da hannu. Kada a bari kowa ya kawo giranda kusa da wurin. Bugun lambar bai da zurfi, daƙiƙa kaɗan za ta cinye shi, kuma ko ba ta cinye ba, ta bar sheƙi da zane a daidai inda jami'i zai duba, wanda a idonsa alamar ɓarawo ce. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

Idan ta fito amma ba ta karantuwa, a goga alli a share saman, farin zai zauna cikin ramukan. Ko a jira magariba a haska tocila ta gefe, inuwa za ta fito da abin da hasken rana ya ɓoye. Tsohuwar dabarar ɗora takarda a goga fensir har yau ba ta da na biyu, don tana ɗauko siffar lambar da girmanta yadda take. A haɗa da hoton waya, ɗaya kusa, ɗaya daga nesa yadda za a ga wurin da take a jikin motar. A kula da 3 da 8, da 1 da 7, da 5 da 6, da B da 8. Yawancin saɓanin da ake samu tsakanin takarda da ƙarfe daga nan yake, daga akawun da ya kwafa da biro tun shekarun baya.

Abin da lambar ke faɗi, da abin da ba ta faɗi

A ɗauki 911, tunda ita ta fi yawa a hanyoyin Illela da Gada da Goronyo tana jidar albasa da hatsi. Wannan 911 da ke rubuce a gefen hanci ba lambar shaida ba ce, suna ne mai ma'ana. Tun 1963 Mercedes ke raɗa wa manyan motocinta suna da nauyi da ƙarfi: 9 na nufin kimanin tan 9, wato motar da kayanta gaba ɗaya, 11 kuma ƙarfin doki 110. Haka 1113 take nufin tan 11 da ƙarfin doki 130. Duk wanda ya taɓa ganin abin da ake lafta wa 911 ranar kasuwar Achida ya san injiniyoyin Jamus ba su yi shawara da mu ba.

Lambar shasinta ta asali 14 ce. Guda 6 na farko nau'in motar ne da sigarta, kuma su mai sayar da kayan gyara yake bukata. Biyu na tsakiya suna ɗauke da bayanin ƙira, na farkonsu ya shafi ɓangaren sitiyari, inda 1 ke nufin hagu, 2 dama. Guda 6 na ƙarshe su ne lissafin wannan motar ita kaɗai. Da dokar 17 ta zo, Mercedes ba ta wahalar da kanta ba, ta ɗora WDB a gaban tsarinta na da, 14 da 3 suka ba da 17. Wannan ne ya sa wasu masu cika fom ke ƙara WDB da kansu don kwamfuta ta karɓa. Kwamfutar za ta karɓa, amma daga ranar takardarka tana ɗauke da haruffa uku da babu su a jikin ƙarfe, kuma kai za ka yi bayani a shingen hanya, mai cika fom yana gida.

Toyota ta fi sauƙi. Lambar tana farawa da samfuri, kamar FJ45, sai ɗan layi, sai lissafi. Harafin farko inji ne: F mai fetur, B da H masu gas. Idan shasi ya ce FJ amma injin da ke ciki na gas ne, ka san an taɓa sauya shi ko da mai sayarwa ya rantse. Land Rover samfuri na 3 na farko-farko kuwa lamba 8 ce da harafi ɗaya a ƙarshe, 3 na farko suna nuna irin motar.

Shekara ita ce abin da mutane suka fi so su ji, ita ce kuma tsofaffin lambobi suka fi rowarta. Yawancinsu ba su ɗauke da ita a fili, sai an gwada lissafin da kundin kamfani. Kuma wace shekarar ake nufi? Kayan da aka ƙera a Turai aka turo a akwatuna, aka harhaɗa a ANAMMCO ta Inugu ko Steyr ta Bauchi ko Leyland ta Ibadan, suna da shekarar ƙira, da shekarar harhaɗawa, da shekarar da aka yi wa motar rajista. Wadda ke takarda sau da yawa ta ƙarshen ce.

Akwai wata alama da tarihinmu ya ba mu kyauta. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Yawancin motocin da aka kawo kafin nan sitiyarinsu a dama yake. Saboda haka idan lambar Mercedes ta ce dama, sitiyarin kuma yana hagu, ko dai an juya shi daga baya, ko kan motar ba nata ba ne.

Mota ɗaya, iyaye uku

Gaskiyar da kowane bakanike ya sani ita ce da wuya ka sami roka mai shekara 50 da ke tafiya da kayan da ta fito da su. Mota uku ke mutuwa ɗaya ta rayu: shasin wannan, kan waccan, injin ta uku. Farantin nan na kamfani yana manne da kai, saboda haka in an sauya kai ya tafi da farantinsa, sabon kuma ya zo da nasa. Sai a wayi gari faranti na faɗin lamba ɗaya, shasi na faɗin wata, takarda kuma ta bi wadda akawu ya fi saurin gani.

A irin wannan hali shasi ne abin dogaro. Faranti ribiti ne kawai ke riƙe da shi, kowa na iya cirewa ya mayar.

Sai kuma ƙarin ƙarfi. Don mota ta ɗauki lodin da ya ninka nata, ana ƙara sifirin, ana kuma liƙa wa shasi wani ƙarfen a yi walda. Mai walda ba ruwansa da lamba, inda ya ga tsagewa nan zai rufe. Lambobi da yawa suna nan da ransu a ƙarƙashin faci. Wanda zai yi irin wannan aiki ya ɗauki hoton lambar da zanen fensir tukuna, ya kuma roƙi mai walda ya bar mata taga.

Jami'i da mai mota, kowa da hujjarsa

Ba daidai ba ne a ce jami'in da ya tsaya a kan lamba neman na goro kawai yake yi. Sakkwato jiha ce ta iyaka, Illela da Ƙonni ido na ganin ido, kuma a ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan tudu. Goge lamba a buga wata tsohuwar sana'ar ɓarayin mota da 'yan fasa-ƙwauri ce. Abin da jami'in VIO ko ɗan sanda mai ido yake nema sananne ne: wurin da ya fi kewayensa santsi ko ya lotsa, lambobin da girmansu ya bambanta ko layinsu ya karkace, walda da ta zagaye lambar kamar an dasa ta, sabon ribiti a tsohon faranti, sabon fenti a wuri ɗaya tak. Kuma gogewa ba ta binne gaskiya. Bugun asali yana danne ƙarfen da ke can ƙasa da ramin, shi ya sa masu binciken kimiyya ke iya shafa sinadari tsohuwar lambar ta sake bayyana.

Mai mota ma yana da tasa. Bai ƙera motar ba, bai tsara fom ɗin ba. An gina manhajar ne da tunanin motocin zamani, aka manta cewa a Arewa motar 1975 har gobe tana ciyar da gida. A ganina nauyin a kan hukuma yake ta buɗe ƙofa ga gajeriyar lamba, ta kuma koya wa ma'aikatanta tarihin 1981. Bai kamata talaka ya biya kuɗin gajeren tunanin wanda ya rubuta manhaja ba.

Amma wannan hujja tana rushewa ranar da mai mota ya ɗauki guduma. Wanda ya ga lambarsa ta dushe ya sa aka sake bugawa a kai don ta fito, ko ya ƙara sifili uku a jikin ƙarfe don ta cika, ya yi gyaran gangar Auzinawa: da hannunsa ya mayar da halastacciyar mota mai kama da ta sata. Hanyar da ta fi tsawo ita ta fi aminci. A kai motar ofishin VIO a duba ta yadda take, a nemi a rubuta abin da aka gani. In an sauya inji a riƙe rasiɗin sayensa, a je ofishin lasisi a gyara takarda. In kuskuren kwafi ne, a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu da tsofaffin takardun da ke nuna asalin kuskuren. Takarda ake gyarawa ta bi ƙarfe.

Gado, ciniki da 'yan gwangwan

Inda abin ya fi taɓa talaka shi ne rabon gado. Alhaji ya rasu ya bar roka biyu a kango, takardu a cikin adaka, wasu gara ta taɓa. Magada su kira dillali, shi kuma ya duba ya ce lamba ba ta cika ba, sai dai a sayar a kilo. Motar da za ta iya komawa hanya, ko ta ba wata rai da shasinta da injinta, sai ta tafi a farashin ƙarfe. Kafin a yarda da wannan hukunci, a sa yaro ya shiga ƙarƙashi da kananzir da alli, a gwada abin da ya fito da abin da ke adaka. Lasisin da ya mutu tun 1985 ma shaida ne, kada a yar.

Mai saye kuma ya duba da idonsa, kada ya wakilta dillali, don la'adarsa na ga ƙullewar ciniki. A takardar ciniki a rubuta lambar shasi yadda take a ƙarfe, da ta inji dabam, in faranti ya saɓa a rubuta cewa ya saɓa, shaidu su sa hannu a kan haka. In kuwa da gaske motar ta ƙare, za a ba 'yan gwangwan su yanka, kada a haɗa musu da takardu da faranti. Takardar matacciyar mota tana da kasuwa, don da ita ake yi wa motar sata riga, kuma sunan da ke kai na marigayi ne.